Kuɓewar Lantana

Duk wanda ya tambayi gidan Salmatu a lungun da ke bayan tashar manyan motoci ta Jibiya, sai an fara yi masa dariya kafin a nuna masa. "Mai kuɓewa? Je ka, amma kada ka zubar da ruwa a gabanta." Mace ce da ta haura arba'in da biyar, doguwa, siririya, mai tafiya kamar ta bar tukunya a kan wuta. Ba wanda zai rantse ya taɓa ganin ta zaune hannu biyu a cinya. Ko gaisuwar haihuwa ta je, kafin a miƙo mata jariri idonta ya gama zagaye tsakar gidan, ta ga inda ruwa ke bin ƙasa a banza, ta ga tokar da aka watsar, kuma wallahi sai ta faɗa.

Ba haifaffiyar gari ba ce. A Unguwar Maɗugu aka haife ta, wani ɗan ƙauye a ƙasar Kusa. Can ta yi aure, can ta aurar da 'yarta Bilki, can ta binne iyayenta. Shekara biyar ke nan da ɓarayin daji suka hana mutanen wurin noma, har kowa ya kama gabansa. Ranar da suka taso ita da mijinta Badamasi, ta bar gadonta, ta bar tukwanenta, ta bar kajin da suka ƙi kamuwa. Abin da ta koma da gudu ta ɗauko, mota na jira Badamasi na ƙwala mata kira, gwangwanin madara ne cike da irin kuɓewa da aka cakuɗa da toka.

Kuɓewar kuwa ba irin ta kasuwa ba ce. Gajera ce, karanta ja, 'ya'yanta jajaye masu kauri, guda uku sun isa miyar gida, kuma in aka shanya ta ba ta rasa yauƙi ko ta shekara. Kakar Salmatu, Lantana, ita ta zo da ita ƙauyen a ƙullin zane, shi ya sa ake ce mata kuɓewar Lantana. Da can kowace mace a Unguwar Maɗugu tana da ita a bayan ɗaki. Bayan watsewar gari, Salmatu ta tambayi duk ɗan ƙauyensu da ta ci karo da shi, a kasuwa, a asibiti, a wurin jana'iza. Kowa ya tsira da ransa da 'ya'yansa, ba wanda ya tuna da iri. Ta gane abin da ke cikin gwangwanin nan shi ne ya rage a duniya, kuma tun daga ranar hankalinta bai ƙara kwanciya ba.

Gidan da suka kama a Jibiya ɗaki biyu ne da tsakar gida wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, ƙasarta ta daskare kamar daɓe. Ruwa sai na 'yan garuwa. Wata ce da ta haƙura, amma Salmatu ba ta san inda ake sayar da haƙuri ba. Ta tsinto tsofaffin buhunan hatsi a tasha, ta je kara ta sharo kashin awaki mutane suna kallonta, ta haɗa da ƙasar bakin rafi, ta jera buhuna bakwai a jikin katanga. Ruwa kuwa a gidanta sai ya yi aiki sau biyu ko uku kafin a sallame shi. Ƙasarin gero na akuya ne. Ruwan ɗauraye kwanuka na zogale ne. Ruwan sabulu na yayyafa tsakar gida ne, ba ya kusantar shuka. Ruwan alwala, mafi tsafta, shi ne na kuɓewa, don haka ta ajiye tasa a inda Badamasi ke tsugunawa, kuma ranar da ya yi alwala a masallaci sai ta tambaye shi dalili.

"Ke Salmatu," in ji shi wata rana, "ni ma in na tsuhwa yanka ni za ki yi ki shuka barkono a ciki?"

"In ka riƙe ƙasa, mi za ya hana?" ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Badamasi manomi ne da aka raba da gona. A Jibiya ya koma dakon man fetur a babur, jarkoki shida ɗaure gaba da baya, ya fita da sassafe ya dawo da la'asar ƙura har cikin kunne. Mutum ne mai sanyi, ya san matarsa, ya kuma san cewa in ya hana ta wannan hidima to ciwo zai kwantar da ita.

Ƙawa ɗaya Salmatu ta yi a unguwar, Ma'u, da katanga kawai ta raba su. Ma'u mutuniyar Maraɗi ce, matar wani direban babbar mota, gajera mai jiki, mai dariya da ƙarfi. Ita ta koya wa Salmatu gina murhun laka irin na can, wanda ke rungume tukunya ya hana iska satar wuta, har itacen kwana ɗaya ya kai kwana uku. Salmatu ta koya mata barbaɗa toka a ganye don ƙwari. Suna aron turmi, suna aron gishiri, suna hira ta saman katanga kowacce na aikinta. Amma ko sau ɗaya Salmatu ba ta taɓa cewa ga iri ki gwada ba. Ɗanyar kuɓewa takan aika da ita cike da kwano, wannan ba komai. Iri kam tana ganin in ya fita hannunta ya tafi ke nan.

A shekara ta uku ta bar kwanso bakwai mafi kyau su bushe a jikin kara, tana ƙirga su safe da yamma. Wata hantsi Ma'u ta shigo aron rariya. Tana tsaye tana ba da labarin yadda aka tsare mijinta a bakin iyaka kwana biyu, sai ta miƙa hannu ta karya kwanso ɗaya, ta ƙulle a bakin zanenta, ta ci gaba da labarinta.

Salmatu ta fito daga ɗaki da rariya a hannu ta tsaya cak.

"Ma'u, mi kika ɗauka?"

"Iri mana, Yaya. In gwada shi wajen randata."

"Wa ya ba ki?"

Ma'u ta yi dariya, don ta ɗauka wasa ne. "Haba Yaya. Mu can gida in ka ga iri ya bushe wajen maƙwabci ɗauka kakai, shi ma gobe ya ɗauki naka. Wa ka tambaya don iri?"

Da Salmatu ta yi shiru na numfashi ɗaya, da maganar ta wuce. Amma ita bakinta ya fi tunaninta sauri. Ta ce, "Ɓarayi sun kore ni daga gidan ubana, ashe wasu sun biyo ni har Jibiya."

Dariyar Ma'u ta ɗauke. Ta dubi Salmatu, idonta ya kawo ruwa, ta juya ta fita. Ba ta karɓi rariyar ba, ba ta kuma kwance ƙullin ba. Daga ranar gaba ta shiga tsakaninsu, shekara ɗaya da rabi ba sannu ba yauwa. Salmatu ta sha jin kunyar maganar nan a ranta, musamman in tana hura murhun da Ma'u ta gina mata da hannunta, amma sai ta tashi ta kama wani aiki don kada ta zauna da tunanin.

Shekarar da ta biyo baya ba ta yi mata kyau ba. Buhunan sun sha rana sun ruɓe, gara ta shiga ta ƙasa, biyu suka fashe a tsakiyar damina suka zubar da shukar. Irin da ta samu bai cika tafin hannu ba. Ta dinga buɗe gwangwanin tana dubawa kamar zai ƙaru. Ta je tasha neman buhuna, ta tarar yanzu har tsofaffin ma akwai masu tsince su. Bazara ta shigo tana ta kai da kawo, ba ta da abin shuka.

Nan ne Badamasi ya yi abin kirkinsa. Ya dawo wata la'asar da jarkoki takwas da suka tsage, waɗanda abokan sana'arsa suka yar saboda ba sa riƙe mai. Ya sauke su a gabanta yana murmushi.

"Ga su nan. Waɗannan gara ba ta cin su, rana ba ta ruɓar da su. Sai ki gaji ki bar su."

Tun aurensu bai taɓa kawo mata abin da ya faranta mata rai kamar wannan ba. Har ta zauna, na ɗan lokaci. Washegari ta yanke su biyu-biyu da wuƙa mai zafi, ta huda gindinsu, ta wanke su da toka da sabulu sau uku, ta shanya su kwana biyu. Ta ɗauko ɗaya ta cusa hanci ta shaƙa, ba ta ji komai ba. Ta miƙa wa Badamasi, shi ma ya shaƙa ya ce fes. To ina za su ji? Mutanen da shekara huɗu fetur ke cikin rigarsu da matashin kansu da tabarmar cin tuwonsu, hancinsu ya daɗe da daina kawo musu labarinsa. Ta cika jarkokin da ƙasa da taki, ta shuka rabin irin, ta yi bisimilla ta zuba ruwan alwala.

Kwana shida suka tsiro, ta kusa yin guɗa. Suka yi ganye biyu, suka yi huɗu. Sai gefen ganyen ya fara ƙonewa, launin ya koma rawaya, karan ya yi laushi. Salmatu ta rikice. Ta ja jarkokin inuwa, ta mayar da su rana, ta sake mayar da su inuwa. Ta rage ruwa, ta ƙara ruwa. Ta ce takin ne ya yi zafi, ta kwashe na sama. Ta sayi ruwa sabo daga ɗan garuwa musamman don su, abin da ba ta taɓa yi wa kanta ba. Tana tsakiyar tuƙa tuwo sai ta ajiye muciya ta je ta leƙa, ta dawo tuwo ya kama. Cikin mako biyu duka suka kwanta.

Ta zauna ta yi lissafin duk abin da zai iya zama sanadi, ta tsallake jarkokin, don ita ta wanke su da hannunta kuma kyautar mijinta ce. Da ta rasa mai laifi sai ta dubi katanga. Ta ce baki ne, kuma ta san bakin wa. Ta karɓo rubutu ta yayyafa, ta sauya ƙasar sama, ruwan farko na sauka ta juye sauran irin gaba ɗaya a cikin jarkokin nan dai.

Badamasi ya ce, "Da kin rage ko ƙwara goma."

"Iri ya kwana biyu, in ban shuka shi bana ba ya mutu a gwangwani. Ka bar ni."

Wannan karon ko ganye huɗu ba su kai ba. Ranar da na ƙarshe ya faɗi, ta ɗauko gwangwanin ta zazzage shi a kan faifai, ta bi tokar da yatsa a hankali ko ƙwaya ɗaya ta maƙale. Babu. Ranar da suka baro Unguwar Maɗugu ba ta yi kuka ba, tana ta ƙirga kaya da ba mutane umarni. Ranar nan ta yi shi, a tsakar gida da rana tsaka, da sauti, har Badamasi ya rasa inda zai sa kansa. Abin da ke ƙona mata rai shi ne, ɓarayi ba su iya raba ta da kuɓewar kakarta ba, ita ta kashe ta da hannunta, kuma ba ta ma san ta yaya ba.

Bayan kwana huɗu kazarta ta haye katanga ta ƙi saukowa. Salmatu ta kife turmi ta hau don ta kamo ta. Tana ɗaga kai sai idonta ya faɗa tsakar gidan Ma'u, wurin da ta hana kanta kallo shekara ɗaya da rabi. A gindin randa, inda ruwa ke ɗiga, cikin wata fasasshiyar tukunyar ƙasa da kuma kewayenta, ga jajayen kara sun kai ƙugu, ga furanni, ga 'ya'ya, har da kwanson da aka bari suna bushewa. Ta manta da kazar. Ta sauko daga kan turmin.

Kwana uku ta yi tana zarya. Ta yafa mayafi ta kai ƙofar Ma'u ta wuce kamar shago za ta. Ta dawo ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Ta sake fita, ta ji muryar Ma'u a ciki, ta juyo. Ta ce wa Badamasi ko shi zai yi wa mijin Ma'u magana, namiji da namiji.

"Ni na ce mata ɓarauniya?" ya tambaye ta. Ya tada babur ɗinsa ya fita.

A rana ta huɗu da hantsi ta ciro rariyar nan daga jikin ƙusa, ta riƙe ta a ƙirji ta yi sallama. Ma'u na tsugune tana wanke shinkafa. Ta amsa sallamar, ta dubi Salmatu, ta dubi rariyar.

"Kin zo aro ran nan ba ki tahi da ita ba," in ji Salmatu.

"Na sayi tawa tuni."

 Salmatu ta ji kamar ta ruga. Ta daure ta ce, "Ma'u, na yi miki magana wadda ba ta dace ba. Ki yahe mini don Allah. Tawa ta mutu duka, ko ƙwara ban da ita."

Ma'u ta tsiyaye ruwan shinkafar a gindin kuɓewa, ta ajiye kwanon. "Na sani. Na ji kukanki. Yaya, bidunan nan ne. Bidon da ya sha isansi, fetur ɗin nan naku, ba ya sakin shi, ko shekara kika yi kina wanki. In rana ta buge shi sai ya yi ta zuhwa cikin ƙasa. Maigidana ko ruwan wanke mota ba ya yarda a zuba mishi a ciki. Tun daga nan nike jin warin in rana ta take."

Sai yanzu Salmatu ta gane. Jarkokin nan ne, ashe. Ta tuna rubutun da ta yayyafa da sunan da ta kira a ranta, kunya ta rufe ta.

"Kin sani tun shukar hwarko? Mi ya hana ki hwaɗa mini?"

"Ɓarauniya tana ba da shawara?" Ma'u ta faɗa da zafi, sai kuma muryarta ta karye. "Sau biyu ina zuwa jikin katanga in kira ki, zuciya ta hana ni. Da kika sake shukawa ban san duka kika juye ba. Ni ma ki yahe mini, na yi shiru inda bai kamata ba."

Suka tsaya kowacce na share ido da bakin mayafi. Salmatu kuwa ko a cikin kukan idonta na kan jajayen karan nan. Ma'u ta lura, har ta ɗan yi dariyarta ta da.

"Ba nan kaɗai take ba. Ƙanwata Sakinatu ta kai ta Maraɗi bara, tana bayan ɗakinta. Matar mai shayin tasha ma ta ɗiba."

Wani abu ya soki Salmatu, kishi ne tsagwaronsa, kuɓewar kakarta a gidajen mutanen da ba su san ko sunan Lantana ba. Bai daɗe ba wani abu ya danne shi, ta ji numfashinta ya sauka har ciki, irin saukar da bai yi ba tun ranar da ta hau motar barin gida. Ko gobara aka yi a lungun nan, kuɓewar tana tsallaken iyaka.

"To ki ba ni ko kwanso ɗaya," ta ce a hankali.

"A'a," in ji Ma'u. Ta koma ta tsuguna wurin shinkafarta. "Ni ba ni ba ki. Na hwaɗa miki ba a tambaya. Ga ta nan gabanki."

Salmatu ta ajiye rariyar a kan turmi. Ta taka zuwa gindin randa, ta zaɓi kwanson da ya fi bushewa, ta karya shi da hannunta a gidan da ba nata ba. Ta girgiza shi kusa da kunne, 'ya'yan suka amsa. Ta ƙulle shi a bakin zane.

Daminar ba ta ƙare ba sai da ta ci miyarta. A fasassun tukwane ta shuka, waɗanda ta bi gida-gida tana roƙo, ƙasar jarkokin kuwa ta sa Badamasi ya kwashe ta ya kai nesa da gonar kowa. Jarkokin kansu ba ta iya yar da su ba, ai da ba Salmatu ba ce. Biyu na tara gawayi, ɗaya na takalma, sauran tana cusa ledojin da take tsincewa a lungu. Badamasi ya yi mako guda ba ya iya haɗa ido da su, har sai da ta ce masa hancinta ma ai bai ji ba.

Yau kuɓewar Lantana tana gida tara a Jibiya, ban da na Maraɗi, ban da wadda aka kai wa Bilki. Kada wani ya ɗauka wannan ya zaunar da Salmatu. Aiki ma ya ƙarar mata, don yanzu sai ta zagaya gidajen nan tara tana leƙa tukwane, tana faɗan an zuba ruwan sabulu, tana shinshina duk robar da ta gani kusa da shuka, ko da yake ta san hancin nata ba abin dogaro ba ne, shi ya sa take jan Ma'u su tafi tare.

Nata kwanson na iri ta daina ɓoye su a ƙuryar gida. Tukunyar da take barin su bushe tana nan dab da ƙofar shigowa, inda duk mai aron gishiri zai wuce. Ƙirgar ce dai ba ta iya bari ba. Ran nan da yamma bakwai ne, da safe bayan masu shigowa sun shigo sun fita ta tarar da shida. Ta leƙa lungu, bakinta ya buɗe da maganar da ta riga ta taso. Ta tsaya haka hannu a kan ƙyaure. Sannan ta rufe bakin, ta koma ciki ta ɗauko tasar ruwan alwala ta zuba wa shidan da suka rage.